Kada Ki Dogara da Addu'ata

Zongo, Kwatano

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah ya kai ki Kandi lafiya, ya tsare motar da za ki shiga da direbanta, ya ba ki ƙarfin jiki a aikin jinyar da kika samu, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin. Amin.

Kin ga yadda wannan addu'a ta fito sumul, babu gargada? Ban tsaya tunani ba kafin in rubuta ta. Hannuna ya san ta kamar yadda ya san hanyar baki. A kan wannan ne nake so in yi miki magana, kuma na zaɓi takarda saboda in na zauna gabanki ba zan iya ba. Tsakanin ɗakina da naki taku huɗu ne, amma ga shi sai da na nemi biro. Mutumin da ya ci abinci da bakinsa shekara da shekaru, yau ya rasa bakin da zai yi wa 'yarsa magana.

Shekaranjiya da hantsi kina wanki a bakin famfo, Hajiya Balaraba, matar maƙwabcinmu Alhaji Garba, ta tambaye ki ko ba kya tsoron zama can arewa ke kaɗai, ga nisa, ga cututtuka, ga hanya mai cin mutane. Kika yi dariya kika ce mata: "Hajiya, me zai same ni? Addu'ar Baba tana bayana. Mutumin da ya shekara talatin a tsaye kusa da fasto?" Hajiya ba ta ce komai ba, ta ci gaba da ɗaurayar kwanukanta. Ni ina bayan taga ina ji. Tun daga lokacin nake neman yadda zan gaya miki. Za ki yi tafiya kin jingina da bangon da gara ta cinye, kuma ni ne bangon.

Kin san misalin da Yesu ya bayar na 'yan mata goma da suka fita tarar ango da fitilunsu. Biyar sun riƙo mai a kwalba, biyar ba su riƙo ba. Ango ya yi jinkiri, barci ya kwashe su duka. Da aka yi shelar isowarsa, fitilun marasa mai suka fara mutuwa. Suka roƙi 'yan'uwansu, aka ce ba zai isa ba, su je su saya. Kafin su dawo ango ya shiga, an rufe ƙofa. Suka ƙwanƙwasa, ya ce bai san su ba.

Ina ɗan shekara goma sha uku na haddace shi da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, ta 'yan mishan a Porto-Novo. Kakanki mai gadi ne, ya biyo fataken shanu daga arewa ya zauna a Zongo, Kirista ɗaya tilo a layinsu, bai san ko baƙi ɗaya ba. Ya saka ni makaranta don in fi shi. Ranar rabon kyaututtuka na tsaya gaban iyaye na zuba misalin nan daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba, aka tafa, aka ba ni ƙamus. Kakanki ya yi kuka, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuma a raina abin da nake tunani shi ne, 'yan matan nan biyar masu mai marowata ne. Har na faɗa wa malaminmu haka, na ce a Zongo in maƙwabciya ta zo neman kananzir ba a mayar da ita hannu wofi. Ya dube ni ya ce akwai abin da ba a iya zuba wa wani, zan gane in na girma. Na ɗauka ya rasa amsa ne.

Kuskurena na farko ke nan. Na ɗauka wanda ya iya faɗin abu ya mallake shi. Ke ma na koya miki hadda tun kina ƙarama, ina tsayar da ke gaban baƙi kina zuba ayoyi, suna ba ki alewa. Don in ji daɗi nake yi, don a ce 'yar Tafinta ce, sunan da aikina ya sa ake kira na da shi. Yanzu ke ce mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, muryarki tana sa tsofaffi share hawaye. Wannan ne yake ba ni tsoro. Ki yi hankali da abin da kika iya, Rahila. Abin da mutum bai iya ba yana sa shi neman taimako. Abin da ya iya shi ke rufe masa ido.

Da na gama karatu na yi zaton kujerar ofis tana jirana. Na yi 'yan shekaru ina akawu, aka rage ma'aikata, aka sallame ni tare da wasu. Waɗanda nake ba amsa a aji suka zama manyan daraktoci, in mun haɗu a hanya gilashin mota ne yake gaishe ni. Takardun shaidata suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, danshin garin nan ya manne su wuri ɗaya. Sai na koma kasuwar Dantokpa da abin da ya rage mini, wato harshe. Ɗan kasuwa ya zo daga Kano ko Sakkwato zai sayi atamfa dila-dila, ba ya jin Faransanci, ba ya jin Fon. Mai kaya ba ta jin Hausa. Ni ne a tsakiya. Haka a bakin tashar jirgin ruwa, haka a ofishin duwan, wato kwastan.

Bari in gaya miki yadda aikin yake, don ki gane abin da ya yi mini. Tafinta ba ya cewa "na ce". Abin da yake cewa shi ne "ya ce", "ta ce". Mai kaya ta rantse cewa atamfar ba ta zuba, ni ma in rantse da Hausa, da irin zafin da ta yi. Alhaji ya rantse cewa bai taɓa sayen ta a wannan farashi ba, in mayar da rantsuwar da Faransanci, har in dafa ƙirji kamar yadda ya dafa. Na san dukansu ƙarya suke yi, amma ba ruwana, ba maganata ba ce. Tafinta nagari shi ne wanda magana ke ratsa shi ba ta tsaya ba. Idan ka tsaya kana auna ko gaskiya ce, ka makara, jimla ta gaba ta wuce ka. Na ƙware a wannan har ana layi a kaina.

Da mahaifiyarki ta ja ni cocin nan namu na Agontinkon, aka ga fasto yana wa'azi da Faransanci, 'yan arewa masu gadi da masu tura kura suna zaune suna gyangyaɗi. Aka ce ai ga Malam Yohanna. Ranar Lahadi ta farko na hau, ban sake sauka ba. Fasto ya faɗi jimla, in faɗi jimla. Ya ɗaga murya, in ɗaga. Ya rufe ido yana addu'a, in rufe nawa, amma ta ƙasan gashin ido ina ƙirga kwanukan rufi, ina tunanin wanda zai sauka daga Kano ranar Litinin. Fastoci uku na yi wa aiki. Biyu daga cikinsu wa'azinsu ba gishiri, ni nake saka masa. In sun yi rabin awa suna kewaye-kewaye, ni in gyara, in ƙara karin magana, in kawo misalin gona da damina, mutane su yi ta girgiza kai. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe rigata bayan sujada ta ce maganata ce ta sa ta tuba. Na ce mata a gode wa Allah. A raina daɗin da na ji irin na maɗinki ne da aka yaba wa ɗinkinsa.

Mutum ɗaya ne ya gano ni tun da wuri, kuma ba ɗan coci ba ne. Alhaji Garba ne. Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida, mai sayar da fetur a kwalabe yana ɗura wa wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, mai. Alhaji ya nuna mazurarin da ke hannunsa da haɓa ya ce: "Tafinta, ga ɗan'uwanka can. Duk man garin nan ta cikinsa yake bi, warin mai har ya kama shi, amma juya shi ka gani ko ɗigo ɗaya zai fito." Na yi dariya na ce masa aƙalla mazurari ba ya rantsuwa a kan atamfa mai zuba. Shi ma ya yi dariya, muka bar maganar. Shi wasa yake yi a kan aikin kasuwa. Ni na san inda maganar ta sauka, amma na kakkaɓe ta. Shi wannan Alhaji da nake rainawa don bai yi lakwal ba, likkafaninsa yana cikin akwati tun dawowarsa daga Makka, duk shekara sai ya fito da shi ya shanya. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma shi ya san zai yi tafiya. Ni ina faɗa wa mutane kowace Lahadi cewa za su yi tafiya, ban taɓa tunanin da ni a motar ba.

Ki lura da wani abu a misalin nan wanda na shekara talatin ina fassarawa ban gani ba. Babu wadda aka kora don ta yi sata ko ta yi fasikanci. Duka goman an gayyace su, duka sun yi kwalliya, duka suna riƙe da fitila, duka sun fito tarar ango ɗaya. Har barcin ma tare suka yi. Wanda ya wuce ta wurin da farkon dare ba zai iya nuna mai wayo da marar wayo ba, don duk fitilun suna ci. Lagwani busasshe ma yana kamawa, yana ba da haske mai kyau na ɗan lokaci. Jinkirin ango ne ya raba su. Saboda haka kada ki auna kanki da ranar Lahadi, ranar Lahadi kowa fitilarsa tana ci. Kada kuma ki auna kanki da bakin mutanen coci. Su ne suka ɗora ni a kujerar dattawa. Wanda ya iya magana da wanda ya iya bayarwa, su ne tsarkaka a wurinsu, ba su taɓa neman fiye da haka ba.

Mahaifiyarki ba ta iya karatu ba. Kin tuna yadda take addu'a tana jiƙa wake, tana tankaɗe, tana hura wuta don ƙosan safe. Tana magana da Allah kamar yana zaune a kan turmi kusa da ita. Ta gaya masa wake ya yi tsada, ta gaya masa ƙafarta tana ciwo, ta kai masa ƙarata, wani lokaci har ta yi masa ƙorafi ta ce ya daɗe bai amsa ba. Ni ina kwance ina ji, ina jin kunya a madadinta. Na sha ce mata ba haka ake yi wa Maɗaukaki magana ba, akwai tsari, ana fara yabo kafin roƙo. Na taɓa gyara mata wata aya da ta haɗa da wata. Ta ce to Malam, ai shi ya gane abin da take nufi. In ta ce in taso mu yi tare, sai in ce na gaji, ta saka ni a ciki. Shekara ashirin da shida tana saka ni a ciki. Na ɗauka gida ɗaya fitila ɗaya ta isa.

Kuskure na biyu ke nan, kuma shi ne kike shirin maimaitawa. Ni na jingina da ita, ke kin jingina da ni. Ni aƙalla na jingina da mai ƙarfi.

Yanzu zan gaya miki abin da ya faru ranar da ta rasu, don abin da kika sani ba shi ne ya faru ba.

Kina Faraku a lokacin, a shekararki ta biyu a makarantar jinya. Asibiti sun sallamo ta sun ce a kai ta gida, kin san ma'anar wannan fiye da ni yanzu. Ranar Alhamis ce, bayan azahar, ana ruwa tun safe. Hajiya Balaraba tana zaune a bakin ƙofa tana yi mata fifita. Mahaifiyarki ta buɗe ido ta kira ni, ta ce in matso, ta kama hannuna ta ce in yi mata addu'a. Na durƙusa, na gyara murya, na fara. Ta fito da kyau, kamar kullum, Allah madawwami, mai jinƙai, mai warkarwa. Ban kai jimla ta uku ba ta matse mini yatsu.

Ta ce: "Ba wannan ba, Malam. Wannan ta fasto ce, na san ta. Taka nake so. Ko kalma biyu ce."

Na buɗe baki, Rahila. Na jira. Kin san me nake jira? Jira nake wani ya fara faɗa in bi bayansa. Shekara da shekaru ban taɓa yi wa Allah magana ba sai da wata murya a gabana. Na leƙa cikina da harsuna uku, ban sami abin da zan ce masa ba, ban ma tabbata akwai wanda yake saurare ba. Tana kallona, ba da fushi ba, tana jira kawai. Sai na ce mata bari in je in kira fasto.

Ta ce: "Ba fasto nake nema ba. Zauna."

Na zare hannuna daga nata. Sai da na ɗan ja, don ta riƙe da ƙarfi. Hajiya ta ce mini: "Malam, ba lokacin fita ba ne wannan." Na ce yanzu zan dawo. Waya tana aljihuna, ko tunanin kiran sa ban yi ba, don ba shi nake nema ba, ƙofa nake nema.

Na tari zem a cikin ruwan nan muka tafi Agontinkon. Matar fasto ta ce ya tafi Placodji duba wani masunci marar lafiya. Nan ya kamata in juyo gida. Ban juyo ba. Na ce wa ɗan zem mu wuce Placodji. Hanya ta cika da ruwa, babur ya mutu sau biyu, muna turawa, kuma ina gaya miki gaskiya, duk lokacin da ya mutu sai in ji sauƙi a raina. Na sami fasto, muka kamo hanya tare. Awa biyu da wani abu na yi a waje.

Da muka shigo layinmu na ga takalma a ƙofar gida. Hajiya ta fito ta tare ni a zaure, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Ta tafi, Malam. Ta yi ta kallon ƙofa, daga baya ta daina, ta shiga magana da Ubangijinta. Ni ban san addu'arku ba, na dai riƙe mata hannu." Ita ta rufe mata ido, ita ta ɗaure mata haɓa. Daga ranar har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Shirun da ta yi miki a bakin famfo, shi ne wannan.

Ranar jana'iza fasto ya yi wa'azi, ni na fassara, don babu wani. A tsakiyar wa'azin ya nuna ni ya ce ku dubi bangaskiyar wannan bawan Allah, wanda ya ratsa ruwa da taɓo don ya kawo wa matarsa addu'a. Na juya shi da Hausa, da bakina, a gaban akwatinta. Har na gyara masa jimlar ta fi tasa daɗi. Da yamma kika same ni a ɗaki, idanunki sun kumbura, kika tambaye ni ko na samu na yi mata addu'a kafin ta cika. Na ce na yi. Kika ce to alhamdu lillahi, hankalinki ya kwanta. Shekara uku ke nan kina ɗauke da wannan ƙarya kamar guzuri.

Yanzu na gane abin da malamin nan ya gaya mini. Ba rowa ba ce. Da mahaifiyarki tana iya tsaga ƙirjinta ta zuba mini rabin abin da ke ciki, da ta yi tun muna matasa, ita da ba ta iya cin ƙosai ɗaya ba ta gutsura wa wani ba. Abin ba ya zubuwa ne. Sanin da ke tsakaninta da Allah a bakin murhu aka tara shi, kaɗan-kaɗan, safiya bayan safiya, ba wanda yake kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na tashi fafe tawa a ranar tafiyar wata, na tarar ko gorar ma babu.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne maganar ƙarshe ta angon. Bai ce sun makara ba, bai ce sun yi laifi ba. Cewa ya yi bai san su ba. Da ina ganin wannan tsanani ne, har na tuna wani babban ɗan kasuwa da na yi wa tafinta fiye da sau ashirin. Duk zuwansa ni ne a gefensa, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Bayan wasu shekaru muka haɗu a Dantokpa, ya rungumi mai kayan da suke ciniki, ya tambayi 'ya'yanta da sunayensu. Na miƙa masa hannu, ya karɓa da ladabi, ya tambayi ko daga ina. Ban ga laifinsa ba. Ban taɓa gaya masa wata magana tawa ba, shi ma bai taɓa gaya mini tasa ba. Ta ina zai san ni? To haka nake tsoron za a yi mini a wancan ƙofa. Zan ce ni ne na tsaya a gidanka kowace Lahadi, ni ne na faɗi sunanka da Hausa sau dubu. A ce an ji muryar, amma ba a san mai ita ba.

Shekaruna sittin da bakwai. Hawan jinina kin fi ni sanin inda ya kai. In na hau matakalar coci sai na huta a tsakiya. Duk lokacin da ƙirjina ya soke ni sai in ce shelar ce, kuma ba abin da ke hannuna.

Ga abin da nake roƙon ki. In kin isa Kandi kin sami ɗakinki, kafin ki nemi coci, kafin su ji muryarki su ba ki jan waƙa, ki rufe ƙofa ki zauna ke kaɗai. Kada ki rera komai, kada ki karanto abin da na sa ki haddace. Ki yi masa magana da bakinki, irin Hausar da kike yi wa Hajiya. In kin sami abin faɗa, ki gode, ki riƙa yi kullum ko kin gaji, ko ba ki ji komai ba. In kuma kin buɗe baki kin tarar da abin da na tarar, kada ki gudu, kada ki rufe ramin da waƙa. Ki gaya masa babu komai, ki zauna a wurin. Ke yanzu rana tana sama, masu sayar da mai ba su rufe ba. Gara ki gano yau, a ɗakin da ba wanda yake mutuwa.

Aikinki kuma zai kai ki bakin gadaje da yawa. Za a kama hannunki, Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya. In akwai abin da likita zai iya yi, ki ruga ki kira shi. In kin san babu, kada ki fake da kiran sa. Zan iya gaya miki yadda ƙafa take ƙaiƙayin fita a wannan lokaci, da yadda dalili mai kyau yake zuwa da kansa. Ki zauna. Hajiya ba ta san addu'armu ba, ta fi ni sanin wannan.

Ran Lahadin da ta wuce na gaya wa fasto ya nemi wani tafinta. Ya ɗauka rashin lafiya ce, ya ce za su saka mini kujera a gaba in riƙa yi a zaune. Na ce a'a. Ban gaya masa dalili ba, ke ce ta fari, ke ya kamata ki fara ji. Zan koma bencin baya wurin masu tura kura. Ban sani ba ko wannan zai amfana wani abu. Mai yiwuwa na makara, mai yiwuwa abin da nake ji tsoro ne kawai ba bangaskiya ba, na kuma san bambancinsu, na sha fassara shi.

Na san bayan wannan takarda ba za ki sake kallona yadda kike kallona ba. Ke kaɗai kika rage mai ganina da daraja, kuma da hannuna nake rushe wannan. Na auna, na ga gara ki tafi kina fushi da ni da ki tafi kina dogara da ni. In ba ki kira ni ba wata ɗaya, ko shekara, ba zan ce kin yi laifi ba. Amma kada ki ce wa kowa addu'ar Baba tana bayanki. Ki nemi taki.

Wasiƙa da addu'a ake rufe ta. Ina da guda ɗari a kaina, kowace ta fi wata daɗi, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Tun bayan azahar nake zaune da biro a kan wannan layi, ga abin da na iya samu.

Ya Allah, ni ne Yohanna, mijin Saratu. Ban taɓa zuwa da kaina ba. Ban sani ba ko kana ji na. Yarinyar nan za ta hau mota jibi da safe, hanyar tana da ramuka, direbobin suna gudu. Ka kai ta. In ta yi maka magana, ka amsa mata da wuri, ba ta da haƙurin mahaifiyarta. Kada ka kama ta da laifina. Ni kuma, in da sauran wuri, ga ni a waje.

Iyakar abin da ya fito ke nan. Ki sauka lafiya, 'yata.

Mahaifinki,
Yohanna